Daga aljihun wa albashin ɗan jarida zai fito? Nazari kan tashi da faɗuwar jaridar NEXT

A watan Satumba na 2011 jaridar NEXT ta daina fitowa a takarda. Shafinta na intanet ya ɗan ja zuwa ƙarshen shekarar, daga nan shi ma ya yi shiru. Duka-duka ba ta cika shekara uku a hannun masu sayar da jarida ba. A Legas aka kafa ta, da Turanci take fitowa, kuma yawancin matasan da ke buɗe kafafen labarai na Hausa a Abuja yau suna makaranta lokacin da ta rufe. Amma in aka ce in zaɓi lamari guda da ya kamata su zauna su karance shi kafin su kama hayar ofis a Utako ko Jabi, wannan zan zaɓa. Jarida ce da ta iya aikinta fiye da kusan duk takwarorinta na lokacin, kuma iya aikin bai hana ta mutuwa ba.

Wanda ya kafa ta, Dele Olojede, ba baƙo ba ne a sana'ar. Yana cikin matasan da suka fara aiki a mujallar Newswatch ta su Dele Giwa a tsakiyar shekarun 1980. Daga baya ya tafi Amurka, ya daɗe a jaridar Newsday har ya zama editan labaran ƙasashen waje. A 2005 ya samu lambar yabo ta Pulitzer saboda rahotannin da ya rubuta kan Ruwanda, shekara goma bayan kisan kiyashin 1994. Da wannan suna ya dawo gida, ya tara kuɗi daga masu zuba jari, ya kafa kamfanin Timbuktu Media. Shafin jaridar na intanet, 234Next, ya fara aiki a ƙarshen 2008, jaridar ranar Lahadi ta fito a Janairun 2009, kafin shekarar ta ƙare kuma ta koma mai fitowa kullum.

Abin da ya bambanta ta tun ranar farko shi ne dokar hana karɓar ambulan. Wanda bai taɓa aikin jarida a ƙasar nan ba zai iya raina wannan doka, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. A Abuja, in wata ma'aikata ko wani ɗan siyasa ya kira taron manema labarai, da an tashi akan ga wani jami'i ya koma gefe riƙe da takardar sunaye. Kowa ya sa hannu, a miƙa masa ambulan. Wasu su ce kuɗin mota, wasu su ce na goro. Lalacewar hali na da nata kason a ciki, amma ba ita kaɗai ta kafa al'adar ba. Akwai gidajen jaridar da ke shafe watanni ba su biya albashi ba. Akwai waɗanda katin shaidar aiki kaɗai suke ba wakili, su bar shi ya ci da shi. Magidancin da ke zaune a Mararaba ko Zuba, kullum yana hanyar shiga gari, ga kuɗin haya ga kuɗin makarantar yara, in gidan da yake wa aiki bai biya shi ba wani zai biya. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. NEXT ta gane cewa wa'azi ba zai raba ɗan jarida da ambulan ba, sai albashi mai riƙe mutum. Ta ɗebo matasa da yawa da ba su taɓa aiki a wata jarida ba, ta horar da su, ta biya su da kyau, ta ɗora su ƙarƙashin gogaggu irin su Dapo Olorunyomi da Kadaria Ahmed. Ita Kadaria 'yar Arewa ce da ta yi aiki da BBC, ta zama editar jaridar, kuma ita ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 2011 wadda Buhari da Ribadu da Shekarau suka halarta.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu ta fuskar aiki. Jaridar ta bi diddigin badaƙalar kamfanin Halliburton na Amurka, wato cin hancin kusan dala miliyan 180 da aka raba don samun kwangilar gina masana'antar iskar gas ta Bonny. Amma labarin da ya fi tsaya wa mutanenmu a rai shi ne na rashin lafiyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. An fita da shi zuwa Jidda a ranar 23 ga Nuwamba 2009 ba tare da ya miƙa wa mataimakinsa ragama ba. Makonni suka shuɗe babu wanda ya gan shi, ministoci na ta fitowa suna cewa jiki da sauƙi. A 10 ga Janairu 2010 NEXT ta buga cewa ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ba zai iya ci gaba da mulki ba. Kwana biyu bayan haka BBC ta sa wata 'yar gajeriyar hira da aka yi da shi ta waya, murya a raunane, yana cewa yana samun sauƙi. A majalisun Hausawa na Abuja, daga bakin masallatai zuwa teburan masu shayi, mutane da yawa sun ɗauki labarin a matsayin wata sabuwar ƙeta ta jaridun Legas ga shugaba ɗan Arewa. Na fahimci wannan zafin, domin yadda wasu jaridun Kudu suka saba ɗaukar labarin Arewa ya isa ya sa mutum zargi. Sai dai a 9 ga Fabrairu Majalisar Tarayya ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi, aka dawo da shugaban cikin dare a 24 ga watan, kuma bai sake bayyana gaban jama'a ba har Allah ya yi masa rasuwa a 5 ga Mayu. Ana iya jayayya kan kalmomin da jaridar ta zaɓa. Amma cewa ana ɓoye wa ƙasa halin da shugabanta ke ciki, wannan ya tabbata, kuma ita ta fito ta faɗa a lokacin da wasu suka noƙe.

Lissafin da bai fita ba

Suna irin wannan ya kamata ya jawo masu saye. Matsalar ita ce kasuwar sayar da jarida a Najeriya ƙarama ce ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a. Wani bincike da ƙungiyar masu ba da talla ta ADVAN ta yi a wajajen 2010 ya nuna cewa in aka haɗa duk jaridun ƙasar, abin da suke sayarwa a rana bai kai kwafi 300,000 ba. Masu gidajen jarida sun ƙi yarda da adadin, amma duk wanda ya san Area 1 da sassafe, inda ake rarraba jaridu a Abuja, ya san inda gaskiyar ta karkata. Mutane suna son labari. Za ka ga an kewaye tebur ana karatun tsaye, ana musu kan siyasa da ƙwallo, a ajiye jarida a tafi. Ɗan abin da aka sayar ma, dillali zai cire kasonsa, mai yawo da jarida a titi ya cire nasa, kwantai a mayar wa kamfani, kuɗin kuma ya maƙale makonni kafin ya iso. Takardar bugawa daga waje ake shigo da ita da dala, tun da masana'antar Oku Iboku ta jihar Akwa Ibom ta durƙushe a shekarun 1990. Ga man janareta, ga motocin da ke kwana a hanya don jarida ta isa wani gari kafin hantsi. Kuɗin da mai karatu ke biya ba ya ɗaukar wannan kaya. Talla ke ɗauka.

To tallar ta su wa ce? Gwamnatin tarayya da hukumominta, gwamnatocin jihohi, bankuna, kamfanonin sadarwa, kamfanonin mai, sai attajiran da ke sayen shafi sukutum don taya gwamna murnar cika shekara a kan mulki ko yi wa wani babba ta'aziyya. Mutane ne 'yan kaɗan, sun san juna, kuma kusan kowannensu yana da lasisi ko kwangila ko wata alfarma da ke hannun gwamnati. Ba sai an rufe jarida da soja ba kamar zamanin Abacha. Ya isa a ɗaga waya a kira shugaban banki a tambaye shi dalilin da ya sa ake ganin tallarsa a jaridar da ke zagin Yallaɓai. Nan ne NEXT ta yi babban kuskuren lissafi. Ta raba wakilinta da ambulan, amma kamfanin da kansa yana jiran kuɗi daga hannun mutanen da wakilin ke bincike a kansu.

Lokacin ma bai taimake ta ba. Ta fito ne ana tsakiyar rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, kasuwar hannun jari ta Legas ta faɗi warwas. A 14 ga Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank. Bankuna na cikin manyan masu ba jaridu talla, ga shi sun shiga tsuke bakin aljihu a daidai shekarar da NEXT ke faɗaɗa daga mako-mako zuwa kullum. Sannan a 2011 jaridar ta buga bincike kan yadda ake tafiyar da harkar mai ƙarƙashin minista Diezani Alison-Madueke. Olojede ya sha faɗa cewa daga nan masu ba da talla suka janye. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 2023, hukumomin Birtaniya suka tuhumi tsohuwar ministar da karɓar rashawa, tuhumar da ta musanta. Jaridar dai ba ta rayu ta ga wannan rana ba.

Zai zama rashin adalci ga masu son koyo in aka tsaya a nan, aka ɗora wa azzalumai laifin duka. Akwai abin da shugabannin kamfanin suka yi da hannunsu. A farkon fitowarta, a Landan ake buga jaridar Lahadi a ɗauko ta a jirgi, don neman kyan bugu da launi. Ta yi kyau kuwa, amma mai karatu a Najeriya ba ya ƙara ko sisi saboda kyan takarda. An ɗauki ma'aikata da yawa tun kafin a san abin da zai riƙa shigowa a wata. An tsallaka daga intanet zuwa jaridar mako, daga nan zuwa ta kullum, duk cikin abin da bai kai shekara ba, kowane tsalle kuma yana ninka kashe kuɗi. Jarin da ya kamata ya riƙe kamfani shekaru yana rarrafe, sai aka cinye shi a guje. Da tallar ta tsaya babu abin da za a jingina da shi, albashin da aka gina komai a kansa ya fara makara.

A nan Abuja muna da misalin da ya bi wata hanya. Kabiru Yusuf da abokansa sun fara Weekly Trust a Kaduna a 1998, mako-mako. Sai a Janairun 2001 Daily Trust ta fara fitowa kullum, Aminiya kuma ta biyo baya a 2006. Sun kuma san mutanen da suke rubuta wa: mai karatu ɗan Arewa da ya gaji da jin labarin garinsa daga bakin wanda bai taɓa zuwa ba. Ba ina cewa sun tsira daga matsin masu mulki ba ne. Sojoji sun mamaye ofisoshinsu na Abuja da Maiduguri a Janairun 2019, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma ta ci tarar tasharsu ta Trust TV naira miliyan 5 a 2022 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Amma kamfanin da ya girma a hankali yana da kitsen da zai jure duka.

Ta riga kasuwarta zuwa

Ana yawan cewa intanet ce ta kashe jaridu. A lamarin NEXT kusan akasin haka ne. Ta yi imani da intanet tun kafin intanet ɗin ta iso sosai. A 2009 yawancin 'yan Najeriya a shagon intanet suke shiga yanar gizo, ana biya da awa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1, waɗanda suka sauko da farashi, sai a 2010 suka fara aiki. Kamfanoni ba su saba ware kuɗi don talla a shafin intanet ba. Ko da mai karatu ya so ya biya, babu hanya mai sauƙi: kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Paystack sai a 2015 aka kafa shi, na Flutterwave a 2016. Shafin 234Next ya tara masu karatu a gida da waje, amma taron bai zama kuɗi ba, dole aka koma ga takarda, takarda kuma ta mayar da su hannun masu ba da talla.

Wasu daga cikin ma'aikatanta sun ɗauki darasin. A 2011 ɗin nan Dapo Olorunyomi da Musikilu Mojeed da wasu suka kafa Premium Times a Abuja. Babu injin bugawa, babu motar rarraba jarida, babu kwantai. Daga baya, a 2014, suka kafa wata cibiya ta daban wadda ba ta neman riba, ita ce yanzu ake kira CJID, mai horar da 'yan jarida da ɗaukar nauyin bincike da tallafin gidauniyoyi. Da wannan tsari suka shiga binciken Panama Papers, na takardun sirri kan yadda manya ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje, a 2016, suka kuma buga labarin jabun takardar hidimar ƙasa ta ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, wanda ya kai ta ga yin murabus a Satumba 2018. Aikin da NEXT ta fara ke nan, da kuɗin da bai kai nata ba, kuma ya wuce shekara goma yana tafiya. Sai dai tallafin gidauniya ma yana da ranar ƙarewa. Gidauniyar MacArthur, wadda ta daɗe tana tallafa wa aikin jarida na bincike a Najeriya, ta kammala babban shirinta na yaƙi da rashawa a 2024.

Inda abin ya shafe mu

Mai karatu da sauraro Bahaushe ya daɗe yana samun labari mai inganci ba tare da ya biya cikakken kuɗinsa ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, hukuma ce ta kafa ta. New Nigerian ta 1966 ta gwamnati ce, kuma mun ga yadda ta ƙare da gwamnonin Arewa suka yi sakaci da ita. BBC Hausa tun 1957, da DW, da Muryar Amurka, da RFI, da TRT Afrika ta baya-bayan nan, dukansu da kuɗin al'ummar wasu ƙasashe suke aiki. Mun saba, har muna ganin labari kamar haƙƙinmu ne kyauta. A Maris 2025, da gwamnatin Trump ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit a rana ɗaya, babu wanda ya nemi shawarar mai sauraro a Gusau ko Maraɗi.

Matasan da ke kafa kafafen Hausa a Abuja yanzu suna da abin da NEXT ba ta samu ba. Waya na hannun kowa, bidiyo da saƙon murya sun kai labari ga wanda ba ya karanta boko, kuma fara aiki ba ya buƙatar injin bugawa. In ka tambaye su daga ina kuɗi zai fito, amsar da aka fi ji ita ce a bari mabiya su taru tukuna, sauran mai sauƙi ne. Wannan amsa tana tayar mini da hankali, domin ita ce ta 234Next, an sake mata riga.

Mabiyan nan na Facebook ne da TikTok da YouTube. A Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa, ya fifita abin da 'yan uwa da abokai ke sawa a kan na kafafen labarai, kafafe da yawa a duniya suka wayi gari masu shigowa shafinsu sun ragu. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya. Tsarin talla na Google, wanda ƙananan shafukan Turanci ke ɗan samun na cefane da shi, Hausa ba ta cikin harsunan da yake karɓa. Kuɗin ajiye shafi a intanet da dala ake biya, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Da lissafi ya ƙi fita, ƙofar da ta fi kusa ita ce ta mai taimaka wa gwamna kan yaɗa labarai, wanda zai ba da wani abu duk wata a riƙa sa hotunan Mai Girma yana buɗe ayyuka. Daga ranar da aka karɓa, labarin garin da 'yan bindiga suka tasa a jihar ya zama abin da sai an yi shawara kafin a sa. Mutanen da ke gudun hijira a wannan gari su ne suka fi kowa buƙatar kafar, su ne kuma za a fara sadaukarwa.

Ni a ganina abin da NEXT ta rasa, wanda kafar Hausa za ta iya samu, shi ne yawan hannayen da ke biya. Banki ɗaya minista na iya kiransa. Ba zai iya kiran masu shagon atamfa na kasuwar Wuse, da dillalan kayan gini na Dei-Dei, da masu makarantun Islamiyya na Nyanya da Kubwa, da kamfanonin jigilar Umara, da masu sayar da taki da irin shuka ɗaya bayan ɗaya ba. Waɗannan mutane suna da abokan ciniki masu jin Hausa, kuma sun riga sun saba biyan kuɗin talla da sanarwar ɗaurin aure a gidajen rediyo, abin da ya taimaka wajen riƙe tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom Radio ta Kano tun 2003. Haka nan Hausawan da ke Saudiyya da Sudan da Turai, waɗanda ke kwana suna bin labarin gida, akwai masu iya ba da wani abu kaɗan duk wata in an nuna musu a fili inda kuɗin ke tafiya. Hanyar biyan da babu ita a 2009 yanzu tana cikin wayar kowa.

Wannan kuɗi yana da wahalar tarawa, kuma ba ya zuwa da girma. Yana buƙatar mutum na musamman da zai riƙa zaga kasuwa da rasit, ya san Alhaji wane sai bayan La'asar ake samunsa, ya koma sau uku kan bashin da bai taka kara ya karya ba. Yana buƙatar akawun da zai iya ce wa edita ba za a ɗauki sabon wakili ba sai kuɗin wata shida na albashinsa na ajiye. A yawancin sababbin kafafen da nake gani a Abuja, waɗanda suka kafa su duka 'yan jarida ne, kowa na son riƙe makirufo, kujerar mai neman talla da ta akawu kuma an bar su sai an samu hali.